Kun Tambaya, Mun Amsa: Wace Diyya Ce Haƙƙin Wanda Aka Ji wa Rauni?

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke: an ji wa mutum ciwo, ko an rasa rai, me doka ta ce a biya, wa zai biya, kuma da wace hujja. Amsoshin sun dogara ne da dokokin Najeriya da fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi a Arewa.

Ni tela ne a Zariya. Wata huɗu ke nan da mota ta buge ni ina kan babur, na karye a cinya, aka sa mini ƙarfe. Mai motar ya biya naira 180,000 na makon farko a asibiti, ya ce ya sauke nauyi. Kafin haɗarin ina samun kamar naira 120,000 a wata. Shin kuɗin magani shi ne diyya gaba ɗaya?

Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kuɗin magani reshe ɗaya ne kawai. Idan aka tabbatar da sakacin direba ne ya jawo haɗarin, babbar kotu tana duba diyya gida biyu, kuma kowane gida da irin hujjar da yake buƙata.

Gida na farko shi ne asarar da ake iya ƙirgawa da alƙalami, tun daga ranar haɗari zuwa ranar shari'a: kuɗin tiyata, hoton ƙashi, jini, magani, gado, motar zuwa asibiti, sandar dogarawa, gyaran babur, ladan wanda aka ɗauka ya yi jinya, da kuɗin shigar da ka rasa. A naka lissafin, wata huɗu sau 120,000 ya ba da naira 480,000. Ƙa'idar kotunan Najeriya a nan mai tsauri ce. Dole lauya ya jera kowane abu da adadinsa a takardar ƙara, sannan a kawo hujjar kowane ɗaya. Wanda ya ce "na kashe kusan miliyan ɗaya" ba tare da rarrabewa ba, alƙali zai iya yarda da gaske ya sha wahala amma ya hana shi ko kwabo a wannan gida. Shi ya sa rasit ɗin kantin magani na naira 1,500 yake da daraja. Ka tara su a leda guda, ka ɗauki hotonsu da waya, domin tawadar rasit na inji tana gogewa cikin 'yan watanni.

Inda masu sana'ar hannu suka fi shan kaye shi ne tabbatar da abin da suke samu, tunda ba takardar albashi. Littafin awo da kake rubuta ɗinkin mutane da kuɗinsu hujja ne. Bayanin asusun banki na wata shida ko shekara kafin haɗari hujja ne. Shugaban ƙungiyar teloli ko yaron shago zai iya ba da shaida. Amma ka sani riba ake biya, ba ciniki ba: za a cire kuɗin zare, haya, fetur ɗin janareta da ladan yara. Idan kuma shagon ya ci gaba da aiki a hannun yaranka, abin da ya ragu daga ribar ne asararka.

Gida na biyu shi ne wanda ba shi da rasit, alƙali ke ƙiyasta shi. A ciki akwai raɗaɗi da wahalar da ka sha da wadda za ka ci gaba da sha. Akwai rasa jin daɗin rayuwa: mutumin da ba ya iya durƙusawa ya yi sujada, ko zaman tahiya, ko taka keken ɗinki na awa biyu, ko ɗaukar ɗansa, ya yi asarar da doka ta san da ita. Akwai tabo da nakasa. Akwai maganin gaba, wanda a wurinka ya haɗa da tiyatar cire ƙarfen idan likita ya ce za a cire, da gashin ƙashi. Sai kuma raguwar samu a shekaru masu zuwa. Yadda ake auna wannan na ƙarshe: a ɗauki abin da samunka zai ragu da shi a shekara, a ninka da adadin shekaru. Adadin ba ya kai duk shekarun da suka rage maka na aiki, ana rage shi saboda kuɗin dunƙule za ka karɓa yau, kuma rayuwa ba ta da tabbas ko da haɗarin bai faru ba.

Ginshiƙin wannan gida shi ne rahoton likitan ƙashi, ba katin asibiti ba. Rahoton ya faɗi irin karayar, aikin da aka yi, ko ƙafar ta gajarta da santimita nawa, kashi nawa cikin ɗari na nakasa, da abin da ake sa ran zai biyo baya. Gara a rubuta shi bayan ciwon ya tsaya a inda zai tsaya, kuma a shirya likitan ya zo kotu idan ɗaya ɓangaren ya musa.

Naira 180,000 da mai motar ya biya za a cire ta daga jimla, domin kotu ba ta biyan abu ɗaya sau biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, sau ɗaya ake yanke diyyar rauni. Idan ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi kuɗi "a matsayin cikakken biya na ƙarshe", ko a ofishin 'yan sanda ne ko a gaban mai unguwa, to bayan shekara ƙashin ya ƙi haɗewa, komawa neman ƙari zai yi wuya ƙwarai. Karɓar taimakon jinya ba laifi ba ne, amma a rubuta cewa kuɗin jinya ne na wucin gadi.

Ban sa hular kwano ba lokacin da aka buge ni, kuma kaina ne ya fashe. An ce mini ba ni da bakin magana. Haka ne? Daga wani ɗan acaɓa a Bauchi.

Ba haka ba ne, ɗan'uwa. A da can, a dokar Ingila da muka gada, ɗan sakaci daga wanda aka ji wa rauni yana rushe ƙararsa baki ɗaya. An daɗe da gyara wannan, yanzu raba laifi ake yi. Idan alƙali ya ƙiyasta diyyarka naira miliyan 5, ya ga rashin hular ya ƙara munin raunin da kashi 20 cikin ɗari, miliyan 4 za ka samu. Wanda ake ƙara ne zai ɗaga wannan magana kuma ya tabbatar da ita. Sannan dole sakacin ya shafi raunin: rashin hula ba ya rage diyyar karayar ƙafa.

Mota ta take ƙafar ɗana mai shekara 9. Daga asibiti kakarsa ta matsa muka kai shi wajen mai ɗori. Bayan kwana goma ƙafar ta yi baƙi, aka mayar da shi asibiti aka yanke ta. Direban ya ce shi karaya ya jawo, ba yankewa ba. Daga wata uwa a Gusau.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya yaron. Maganar direban tana da ƙafar tsayawa a doka, ba za mu ɓoye miki ba. Wanda ya yi sakaci yana ɗaukar abin da sakacinsa ya haifar, amma idan wani sabon abu ya shigo tsakani ya jawo ɓarna ta daban, yana iya cewa igiyar ta tsinke a nan. Abin da ke faruwa a irin wannan ɗori sananne ne ga likitocin ƙashi: ana ɗaure karan da ƙarfi a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya daina zagayawa, nama ya mutu. Idan akwai takardar da kuka sa wa hannu cewa kun fitar da shi ba da yardar likita ba, lauyan direban zai nemo ta.

Duk da haka shari'ar ba ta mutu ba. Karayar, raɗaɗinta da jinyar farko suna wuyan direban ko ta halin ƙaƙa. Game da yankewar kuwa, tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, kuma likita ne zai amsa ta: yadda tayar ta murƙushe ƙafar, da an bar shi a asibiti, za a iya ceto ta? Idan bayanan ranar farko sun nuna jijiyoyin jini sun riga sun lalace, yankewar ma ta koma kan direban. Ki nemi kwafin fayil ɗin asibitin farko da hotunan ƙashin tun yanzu, kafin su ɓace. Idan kuma rashin kuɗin tiyata ne ya sa kuka fita, bayan kun nemi direban ya biya ya ƙi, a faɗa wa kotu wannan da shaida, domin ana auna ko abin da mutum ya yi ya dace da halin da ya tsinci kansa.

Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, ke ko mahaifinsa ne za ku tsaya masa. A lissafin gaba kada a manta ƙafar roba ba sau ɗaya ake saye ba. Yaro mai girma sai an riƙa sauya masa ita yayin da tsawonsa ke ƙaruwa, kuma ko ya girma tana lalacewa. A samo ƙiyasin farashi a rubuce daga wurin da ke ƙera su, kamar asibitin ƙashi na Dala a Kano.

A rigimar da ba ta shafe ni ba, wani ya wurga ƙarfe bisa kuskure ya cire mini haƙora biyu, ya kuma lalata yatsana manuni har aka cire shi. Mu duka Musulmi ne. Nawa ne diyyata a shari'ar Musulunci? Daga wani magidanci a Sakkwato.

Malam, a nan ba ƙiyasi ake yi ba, ma'auni ne a rubuce. Cikakkiyar diyyar rai a mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Gaɓoɓi kuma ana auna su da wannan. Hannu biyu cikakkiyar diyya ne, ɗaya rabi. Haka ƙafafu, haka idanu, sai dai mai ido ɗaya idan aka lalata masa wanda ya rage, cikakkiya ake ba shi. Kowane yatsa kashi ɗaya cikin goma, wato raƙuma 10 ko dinari 100. Kowane haƙori raƙuma 5 ko dinari 50. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya huda cikin ciki sulusin diyya. Abin da ba a yanke masa adadi ba, alƙali ne ke kimanta shi gwargwadon nakasar da ya bari.

Naka ke nan: haƙora biyu dinari 100, yatsa dinari 100, jimla dinari 200. Ana ɗaukar dinari a matsayin giram 4.25 na zinariya, don haka giram 850 ke nan. Hanya mafi sauƙi ta mayar da shi naira ita ce ka duba nisabin zakka da hukumomin zakka ke fitarwa. Nisabi dinari 20 ne, saboda haka diyyarka nisabi goma ce, cikakkiyar diyya kuma nisabi hamsin. Adadin yana hawa da sauka da farashin zinariya, sai a yi aiki da na lokacin hukunci.

Akwai ƙa'idoji biyu da mutane ke tsallakewa. Ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, don a ga inda ya tsaya. Sannan a laifin kuskure, abin da ya kai sulusin diyya ko ya fi, dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗuwa su biya a hankali, cikakkiya a shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba daga aljihunsa zai fito. Naka ɗaya cikin biyar ne, shi kaɗai zai biya.

Bambancin da babbar kotu shi ne, a wannan ma'auni yatsan tela da na attajiri kuɗinsu ɗaya, ba a tambayar sana'a. A babbar kotu kuwa sana'a da shekaru su ne ke ɗaga diyya ko su sauke ta. Ka zaɓi hanya ɗaya da shawarar lauya, ba a karɓar diyyar rauni ɗaya a kotu biyu.

Tirela ta kashe mijina, ya bar ni da yara huɗu, babbansu shekararsa 12. 'Yan'uwansa sun zauna da mai motar sun ce ƙaddara ce, sun yafe, aka ba su kuɗin sadakar uku. Ba wanda ya tambaye ni. Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Allah ya jiƙansa, ya ba ku dangana. Yafiya alheri ce, amma mutum haƙƙinsa yake yafewa, ba na wani ba. Diyyar kisan kuskure gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Kina da tumuni, iyayensa idan suna raye suna da rabonsu, saura na yaran ne. Matuƙar akwai ɗa namiji a cikinsu, 'yan'uwan mamaci ba su da ko sisi a gadon, to me suka yafe? Rabon marayu kuwa ko waliyyinsu ba shi da ikon kyautar da shi. Azumin wata biyu a jere da ke kan direban kaffara ce tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ta sauke diyya.

A babbar kotu, dokar haɗarin da ya jawo mutuwa, wadda Jihar Arewa ta yi a 1956 kuma jihohi suka gada, ta ba iyalan mamaci damar neman abin da suka rasa na ɗaukar nauyi. Ana duba abin da yake samu, a cire abin da yake kashe wa kansa, a ninka saura da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da ciyar da ku, a ƙara kuɗin jinya kafin rasuwa da na jana'iza. Baƙin ciki kansa ba a sa masa farashi a wannan doka. Ƙara ɗaya ake shigarwa a madadin kowa, don haka a rubuta sunan duk wanda yake ci a ƙarƙashinsa, har da kishiya idan akwai da tsofaffin iyaye. Ki tanadi takardar shaidar mutuwa, rahoton jami'an da suka auna wurin haɗarin, lambar motar, takardun makarantar yara da shaidar sana'arsa. Dokar tana da wa'adi, kada a jira a gama takaba a gama rabon gado sannan a fara neman lauya.

Injin wani kamfanin roba a Kano ya cinye mini yatsu uku. Ni leburan wucin gadi ne, kullum ake biyana. Manaja ya ba ni naira 50,000 ya ce kada in dawo.

Ɗan'uwa, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da kai. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta ƙunshi na dindindin, na wucin gadi, ɗan koyo da mai aikin yini. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ce ke riƙe da asusun biyan diyyar, masu ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da suke biya, kuma haramun ne a cire shi daga ladan ma'aikaci. Daɗin wannan hanya shi ne ba sai ka tabbatar da sakacin kowa ba, ya isa a ce raunin a bakin aiki ya same ka. Har haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ta ɗauka.

Kula da ranaku. Ka sanar da kamfani cikin kwana 14, a rubuce, ka riƙe kwafi. Kamfani ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Mai nakasar wani sashe irinka, ana ƙiyasta abin da samunsa ya ragu da shi a biya kashi 90 na wannan, ban da jinya. Naira 50,000 ɗin ba ta rufe bakinka ba, domin dokar ta hana yarjejeniyar da ma'aikaci zai sarayar da wannan haƙƙi. Matsalar da za ka fuskanta ita ce kamfani ya ce bai san ka ba. Katin shiga, hoton rajistar sa hannu, saƙon biyan kuɗi a waya da abokan aiki biyu su ne maganin wannan. Idan kamfanin bai yi rajista da hukumar ba, ko injin ba shi da murfin kariya, ka kai wa lauya maganar, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irinta.

Direban da ya buge ƙanwata talaka ne, ko akuya ba shi da ita. Wa za mu kama? Daga wani mai karatu a Jos.

Ku duba bayansa. Idan direban ma'aikacin wani ne kuma yana kan aikin maigidansa, maigidan ko kamfanin yana ɗaukar laifin, sai a haɗa su a ƙara ɗaya. Idan kuwa motar ko adaidaita sahun an ba shi ne biya sannu a hankali yana aikin kansa, kama mai ita ya fi wuya.

Sai inshora. Tun dokar 1945 wajibi ne kowace mota ta kasance da inshorar da ke biyan wasu mutanen da motar ta cutar. A Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga motar gida, inshorar tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, ba ta rauni ko rai ba. Ku karɓi lambar takardar inshorar, ku duba ta a rumbun bayanan inshorar motoci na ƙasa ta intanet, domin takardun bogi da ake yankar wa direbobi a bakin ofishin lasisi suna da yawa. Idan ta gaske ce, a rubuta wa kamfanin inshorar da wuri, kuma lallai a sanar da shi a rubuce kafin a shigar da ƙara. Rashin wannan sanarwa yana ba shi ƙofar zamewa bayan an yi nasara.

Idan an gurfanar da direban da laifin tuƙin ganganci, kotun tana da ikon umartarsa ya biya diyya bayan ta same shi da laifi. Ku gaya wa mai gabatar da ƙara ya roƙa, ku ba shi rasit. Yawanci abin da ake samu a nan bai kai na ƙarar neman diyya ba.

Motar wata hukumar gwamnati ta goge ni. Da na yi magana, jami'an da ke ciki suka lakaɗa mini duka, suka tsare ni kwana biyu. An ce akwai diyyar da ake ci wa mutum don horo. Daga wani ɗan kasuwa a Kaduna.

Akwai, Alhaji, amma ba a kowace shari'a ba. Sauran nau'o'in diyya suna mayar wa mutum abin da ya rasa ne, ita wannan ladabtarwa ce. Kotuna sun fi bayar da ita inda ma'aikatan gwamnati suka yi zalunci ko suka taka tsarin mulki, da inda mutum ya yi ɓarna da gangan don ya lissafa ribarsa za ta fi abin da zai biya. Sakacin tuƙi kaɗai ba ya jawo ta. Dukan da tsarewar su ne za su iya. Kusa da ita akwai ƙarin da ake yi saboda wulaƙanci da cin mutunci, kamar a doke magidanci a gaban jama'a. Duka biyun sai an roƙe su a takardar ƙara an kuma faɗi dalili.

Maganarka biyu ce, kada a cakuɗa su. Gugar motar ƙarar sakaci ce, kuma dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, ga shi hukumomi da yawa dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce tukuna, galibi ta wata guda. Wanda ya tsaya zaryar "za mu duba" a ofis, wa'adin zai wuce shi yana zaune a benci. Duka da tsarewa kuwa take haƙƙin ɗan Adam ne. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun cire mata wa'adi. Ka je asibitin gwamnati a rubuta raunukan tun ba su baje ba, a ɗauki hoto mai kwanan wata.

Cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan hukunci, doka ta nemi amincewar Antoni Janar, abin da kan ja lokaci. Ka yi wannan magana da lauyanka tun farko, tare da ta ladansa. An yarda lauya ya karɓi kaso daga abin da aka samu a ƙarar diyya, sai dai a rubuta kason da wanda zai ɗauki kuɗin shigar da ƙara da na kawo likita. Wanda ba shi da hali kuma, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana karɓar ƙarar haɗari da ta take haƙƙi, kuma tana da ofis a manyan biranen jihohi.